Gansakukar Tafki Mai Ɗauke da Dafi

A ƙasar Kagara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, da zarar rani ya tsananta, rafuka sun janye, sai ƙauyawa da shanun Fulani su koma ga ruwan da ya kwanta a tafkuna. To, akwai haɗari a nan.

Takin zamani da kashin dabbobi da damina ta wanko cikin tafki, in suka gamu da zafin bazara, sukan haifar da wata irin gansakuka, kore shar kamar an zuba fenti. Ita kuwa ba tsiro ba ce, ƙwayoyin bakteriya ne. Waɗansunsu suna fid da dafi mai lalata hanta, har saniya takan sha ta mutu a ranar. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, hukuma ta ce dafin irin wannan gansakuka ne sanadi.

Abin da ya fi muni, tafasa ruwan ba ya kashe dafin, balle tacewa da ƙyalle. Saboda haka mutanen Kagara mazauna Ikko da Badun, in za su aika kuɗi gida, su ware na yashe rijiya tun kafin watan Maris.