Allurar Insulin da Juna Biyu: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A Kamazou, mai juna biyu ta dawo daga awo, a Sabon Tasha ne ko a asibitin Barau Dikko, ta ce an ɗora ta kan allurar insulin, kafin ta ajiye jaka masu ba da shawara sun cika ɗaki. Wata ta ce allurar ce ke kumbura jariri har sai an yi tiyata, wata ta ce ɓari take jawowa.

Duka biyun ba haka ba ne. Insulin da uwa ta yi wa kanta kusan ba ya ƙetara mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Sukari ne ke ƙetarawa. In ya yi yawa a jinin uwa, sai jikin jaririn ya riƙa samar da nasa insulin, yana tara kitse, har ya haura kilo 4, kafaɗa ta maƙale wurin haihuwa. Ɓari da nakasar zuciya kuwa, hawan sukari a makonnin farko ne ke ƙara haɗarinsu, sau da yawa tun mace ba ta san ta ɗauka ba. Allura takan zo ne bayan sukari ya riga ya hau, shi ya sa ake ɗora mata laifi. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, da wuya mai irin ciwon sugan da ke kama mutum tun yarinta ta kai ga haihuwa.

Masu cewa daga alade ake yin sa, labarin da ne suke riƙe da shi. An taɓa tatsarsa daga alade da saniya, amma tun 1982 aka fara sayar da wanda ake haɗawa a masana'anta, shi ne ya cika kasuwa yau.

Wasu kuma sukan ce, "In kin fara, ba dainawa." Wannan ya danganta. Wadda ciki ne ya kawo mata ciwon, galibi tana haihuwa ake tsayar da allurar, sai dai ta koma gwaji bayan mako 6 zuwa 12, don ciwon kan dawo daga baya. Wadda jikinta dama ba ya samar da insulin, ita kam za ta ci gaba. Kuma in likita ya ƙara miki adadi a wata na bakwai, ba taɓarɓarewa ba ce, mabiyiya ce ke daƙile aikin insulin yayin da ciki ke tsufa.

Akwai inda masu magana suka yi gaskiya. Allura ba tare da abinci ba na iya kayar da sukari: gumi, rawar jiki, jiri, har suma. Ki ajiye sukari ko lemon kwalba kusa, kuma kada ki ɗauki azumi, na Ramadan ne ko na coci, sai da shawarar likita. Zafi ma yana lalata insulin. In babu wuta, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye cikin jiƙaƙƙen tulu a inuwa. Wadda aka buɗe kuma, yawanci kwana 28 ne wa'adinta.