Karen Bompai da Fitsarin Tsakar Gida: Gayya ce ko Matsuwa?

Bompai unguwa ce ta dogayen katangu da manyan ƙofofi. Ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, ta girmi Sharaɗa da Challawa, kuma a tsakanin kamfanoninta akwai gidajen manajoji da injiniyoyi, 'yan ƙasa da 'yan Labanan da Indiyawa da 'yan Sin. Inda katanga ta yi tsawo kuwa, da wuya a rasa kare a bayanta: Alsatian, ko Rottweiler, ko Boerboel ɗan Afirka ta Kudu, ko karen gida irin namu. Da dare a sake shi ya yi gadi, gari na wayewa a mayar da shi keji ko a ɗaure shi da sarƙa. Mai shi ya fita da ƙarfe shida da rabi, ya ratsa gari zuwa majemun Challawa ko kamfanonin roba na Sharaɗa, ba zai dawo ba sai bayan magariba. Abin da yake tararwa a keji ko a baranda shi ne ya haifar da maganganun da za mu auna a nan.

Wadda aka fi ji ita ce: "Ai da gayya yake yi, haushin na bar shi yake ji." Hujjar masu faɗin haka ba ta wuce fuskar karen. Ka shigo, ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana kallonka ta gefen ido kamar ɓarawon da aka ritsa. An gwada wannan magana. A shekarar 2009 Alexandra Horowitz, masaniyar halayyar karnuka a Kwalejin Barnard da ke New York, ta yi gwaji da karnuka 14. Mai kare zai hana karensa taɓa wani abinci, ya fita daga ɗakin. A bayan idonsa, wani lokaci a ba karen ya cinye, wani lokaci a ɗauke abincin. Idan ya dawo sai a gaya masa karen ya ci ko bai ci ba, kuma ba kullum ake gaya masa gaskiya ba. Abin da ya fito shi ne, fuskar nan ta mai laifi faɗa take bi, ba laifi ba. Har ma karnukan da ba su taɓa komai ba aka yi musu tsawa, su suka fi yin ta. Wato karenka ba nadama yake nuna maka ba. Ya karanta tafiyarka da muryarka, ya kuma koyi cewa duk ranar da fitsari a ƙasa ya haɗu da dawowarka, akwai duka. Maganar gayya jita-jita ce.

Daga nan ne wata al'adar ta rushe, wato kama ƙeyar kare a dangwala hancinsa cikin kashin, a bi shi da dorina, wai don ya gane. Kare yana haɗa hukunci ne da abin da yake yi a daidai lokacin, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Fitsarin ƙarfe biyu na rana da bulalar ƙarfe bakwai na yamma ba su da wata alaƙa a kansa. Abin da zai koya shi ne tsoron mai shi, da neman lungu ya ɓuya in zai yi. Wani ma da ya ga an ɗaga hannu sai ya saki fitsarin nan take don firgita, a ƙara cewa ya raina mutane.

Sai maganar da ita ce tushen matsalar, kodayake ba a cika furta ta ba: cewa babban kare zai iya riƙewa daga safe har dare. Nan akwai ɗan ƙamshin gaskiya. Babban kare mai lafiya yana kwana bai yi ba, domin jiki na rage haɗa fitsari lokacin barci. Da rana lissafin daban ne. Likitocin dabbobi sun fi ba da shawarar a fitar da shi sau uku zuwa biyar a yini, kada tazarar ta wuce awa shida zuwa takwas. A Suwidin ƙa'idar hukuma ce a fitar da kare aƙalla duk bayan awa shida da rana, ƙungiyar RSPCA ta Ingila kuma tana cewa kada a saba barinsa shi kaɗai fiye da awa huɗu. To, ɗauki aikin kamfani na awa goma sha biyu, ka ɗora masa cunkoson hanya tafiya da dawowa. An kai goma sha uku ko sha huɗu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karen da ya yi fitsari a awa ta goma bai manta horo ba, mafitsararsa ce ta cika. Wanda ya daure kuwa bai tsira ba, don yawan riƙon fitsari na ba ƙwayoyin cuta damar zama a mafitsara.

Wasu da suka gano haka sai su ɗauki hanyar da ta fi kowace muni: su ɗauke kaskon ruwa da safe, wai in bai sha ba, ba zai yi ba. A Kano, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba dabara ba ce, hanyar kisa ce. Kare ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, hakin kuma ruwa yake ci. Kare mai kilo 30 yana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana ko da babu zafi, balle a kejin ƙarfe mai rufin kwano da rana ta take. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne. Da ya haura 41, ƙoda da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Ana kuma cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka karen da ya girma bai iya ba, shi ke nan. Ba haka ba ne. Babba ya fi ɗan kwikwiyo iya riƙewa, ya kuma fi shi natsuwa. Abinci a kan lokaci, a kai shi wuri ɗaya tak bayan ya ci da bayan ya tashi daga barci, a yaba masa ko a jefa masa ɗan nama a take da ya yi a wurin. Wanda ke ba da wahala shi ne karen da ya tashi a ƙuntataccen keji wajen masu kiwo don sayarwa, yana kwana cikin ƙazantarsa har ƙyamar ɓata makwanci ta bar shi. Shi ma yana gyaruwa, sai dai da haƙuri.

Amma idan kare ya shekara yana da tsabta, rana ɗaya ya canza, a ajiye maganar tarbiyya tukuna a nemi likita. Ciwon mafitsara, ciwon suga, ciwon ƙoda, tsutsar ciki, duk suna zuwa da wannan alama. Karyar da aka cire wa mahaifa wani lokaci fitsari kan zubo mata tana barci, kuma akwai maganinsa. Tsohon kare kan rikice ya manta ƙofa. Idan mai kilo 30 yana shanye sama da lita uku kullum ba a lokacin zafi ba, ko yana yunƙuri ɗigo kawai ke fita, ko da jini a ciki, to sai asibitin dabbobi, ko a nan Kano ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Akwai kuma karen da kaɗaici ne ciwonsa. Shi ba ya jiran mafitsara ta cika: cikin rabin awa da fitar mota zai fara kuka, ya yi ta tonon ƙofa, ya saki fitsari da kashi. Tsohuwar waya da aka bari tana ɗaukar bidiyo za ta raba gardama. Namiji mai ɗaga ƙafa yana ɗiga wa taya da ginshiƙi kuwa alamar iyaka yake sawa. Dandaƙa takan rage wannan a karnuka da yawa, amma ba ta ƙara wa mafitsara girma.

Wanki ma akwai kuskure a cikinsa. A zuba Hypo ko Izal, hancin mutum ya ce wari ya tafi, hancin kare ya ce yana nan daram, ya koma wurin gobe. Siminti yana shan fitsari. A fara tsane shi, a kwarara ruwa da sabulu sosai, in an samu maganin wanki mai narkar da sinadaran fitsari irin wanda shagunan kayan dabbobi ke sayarwa, ya fi. Kada a tuttula bilic irin Hypo kai tsaye a kan fitsari a rufaffen wuri, tururin da ke tashi yana cutar da huhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Bompai shi ne, a mafi yawan gidajen nan karen ba shi kaɗai yake yini ba. Maigadi na zaune a bakin get, taku kaɗan daga kejin. Ka ce masa, "Baba, don Allah da azahar a riƙa buɗe masa," ya ce, "Yallaɓai, ni da nake salla, ina ni ina kare?" Uzurinsa abin girmamawa ne, amma akwai abin dubawa. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar Hausa suke kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya. Fitsarinsa da kashinsa ne najasa, su ne kuma ke malala a tsakar gida idan an ƙi buɗe masa. Ko ma ya zaɓi kada ya kusance shi, walda za ta warware rigimar. A kewaye ɗan fili mai yashi a jikin kejin da waya, a yi ƙofa mai zamewa da ake ja daga waje, ko a bar ta a buɗe gaba ɗaya, makwanci da ruwa a inuwa a gefe guda, yashin a ɗaya gefen. Idan aikin ya ƙaru a kan maigadi, a ƙara masa wani abu a kan albashi, don ba da shi aka yi jinga ba tun farko.

Yashin nan kuma a riƙa kwashe kashin da ke cikinsa kullum da shebur, musamman a gidan da yara ke wasa a ƙasa. Ƙwayayen wasu tsutsotsin cikin kare sai sun yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin su iya kama mutum, saboda haka kwasar yau da kullum na yanke musu hanya. A haɗa da maganin tsutsa duk wata uku, da allurar rigakafin haukan kare a kan lokacinta.