Ranar da Awon Ciki Ya Yi Ƙarya

Yau shirin namu ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya leƙa.

Abin da tsinken awon ciki ke nema a fitsari wani sinadari ne mai suna hCG, wanda mabiyiya ke samarwa. To akwai cikin da likitoci ke kira mola. A maimakon jariri, mabiyiyar ce ke rikiɗewa ta cika mahaifa da ƙulle-ƙullen ruwa kamar nonon inabi, wani lokacin har ta zama kansa. A irin wannan ciki sinadarin kan yi tashin gwauron zabi, wani lokacin har ya haura 500,000 a ma'aunin asibiti.

Sai ku ce ai tsinke zai fi saurin nunawa. Ina! Yawan nasa ne ke cika ƙwayoyin da ke kan tsinken, kowace ta riƙe nata daban, ba su haɗu sun fito da layi na biyu ba. A ce wa baiwar Allah ba ta da komai, alhali ga ciki ya tasa, ga amai, ga jini na zuba. Gyaran ko kusan kyauta ne: ma'aikacin gwaji ya sirka fitsarin ko jinin, ya sake awo. Sikanin ma kan tona asirin.

Ɗaya ƙaryar ta fi muni. Jinin wasu mutane na ɗauke da garkuwar da ke maƙale wa kayan gwajin, waɗanda galibi daga jikin ɓera ake samo su. Sai na'ura ta nuna hCG ɗan kaɗan, ko an ba da magani yana nan daram. A birnin Seattle na Amurka, wannan ya sa aka ɗora wata matashiya kan maganin kansa mai ƙarfi, aka cire mata mahaifa, aka yanke wani ɓangare na huhunta. Ba a samu kansa ko ɗigo ba. A 2001 kotu ta yanke diyyar sama da dala miliyan 16, kuɗin da ba sa dawo da mahaifa.

Abin lura, wannan garkuwa ba ta ratsa ƙoda ta shiga fitsari. Idan jini ya ce akwai, fitsari ya ce babu, wajibi ne likita ya dakata, ya tura jinin wani ɗakin gwajin mai na'ura daban kafin a taɓa wuƙa.

Uwargida, idan an yi miki wankin ciki saboda mola, ki ci gaba da zuwa awon hCG har sai likita ya sallame ki.