Marcel Desailly: Dutsen da Capello ya kafa a tsakiyar fili

A watan Mayun 1993 Marseille ta doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi a Munich, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Cikin waɗanda suka hana Milan sakat a daren akwai ɗan baya Marcel Desailly, haifaffen Accra da ya tashi a Faransa, wanda ya koyi ƙwallo a Nantes. Kafin shekarar ta ƙare, badaƙalar sayen wasa ta dabaibaye Marseille, sai ga Milan ɗin da ya wahalar ta zo da kuɗinta ta ɗauke shi.

Sai dai bayan Milan a cike yake. Baresi, Costacurta, Maldini da Tassotti sun shekara da shekaru tare, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, ba wanda za a ce ya matsa. Koci Fabio Capello sai ya tura Desailly gabansu, ya tsaya a tsakiya. Aikinsa ya tare ɗan wasan da ya taho da ƙwallo tun bai kai ga Baresi ba, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa, ya koma mazauninsa. Ba yanka, ba ado. A kakar 1993/94 ƙwallo 15 kacal aka zura wa Milan a wasanni 34 na Serie A. Su ma 36 suka ci, wanda ba abin tinƙaho ba ne, amma da shi suka lashe gasar.

Ni a ganina nan ne ƙololuwar wasansa, ko da yake a matsayin ɗan baya duniya ta fi saninsa. Dubi wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1994 a Athens. Barcelona ta Johan Cruyff ta zo da Romário da Stoichkov, ga Baresi da Costacurta duk an dakatar da su, kusan kowa ya ba Barcelona kofin tun ba a buga ba. Desailly ya mamaye tsakiya, ya hana ƙwallo isa ga Romário. Massaro ya ci biyu, Savićević ya ɗaga ɗaya ta kan Zubizarreta, sannan Desailly da kansa ya kutsa ya murza ta huɗu. Ya zama ɗan wasa na farko da ya ci kofin shekara biyu a jere da ƙungiyoyi daban-daban.

Bayan ya ƙara cin Serie A a 1996, sai ya koma Chelsea a 1998, shekarar da Faransa ta ci Kofin Duniya, inda ya samu jan kati a wasan ƙarshe da Brazil. Matasan yau su sani, Chelsea ta wancan lokaci ba ta ga kuɗin attajiri Abramovich ba tukuna. A Landan ya koma asalin gurbinsa, suka haɗa baya da ɗan ƙasarsa Frank Leboeuf. Sun ci Super Cup a kan Real Madrid, sun ɗauki Kofin FA a 2000, ya riƙe kyaftin, kuma a gefensa matashi John Terry ya goge. Gasar Firimiya dai ba ta zo hannunsa ba: ya bar Chelsea a 2004, ita kuwa ta lashe ta a 2005, yana can Qatar, inda ya yi wa Al-Gharafa da Qatar SC wasa kafin ya rataye takalmi a 2006.