3.4 Na'urorin Zamani Da Sauyin Zaman Iyali A Farin Dutse

Farin Dutse gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwaram, wadda take maƙwabtaka da Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa. Kafin a ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991, yankin yana cikin Jihar Kano ne. A wannan sashe za a duba yadda na'urorin zamani suka taɓa zaman iyali a tsawon rayuwar wanda aka haifa wajejen 1950.

3.4.1 Gandu

Gandu shi ne tsarin da magidanci da 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Maigida shi yake biyan haraji, shi yake yi wa yaro auren fari. Yaro kuwa yana da gayauna, wadda yake nomawa bayan an tashi daga aikin gandu. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne buƙatar hannaye da yawa, domin da fartanya ake noma. Da garmar shanu ta yawaita, daga baya kuma maganin feshi ya shigo, sai mutum ɗaya ya iya yin aikin da a da sai an kira gayya. Haka nan soke haraji da jangali da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta yi a 1979 ya cire wani nauyi da yake ɗaure ɗa ga mahaifinsa. Saboda haka samari suka fara ware gona da tukunya tun mahaifi yana raye.

3.4.2 Aikin Mata

A da matan gida tare suke sussuka da surfe da daka, su kuma yi niƙa a kan dutse. A nan ne uwar miji take koya wa amarya aiki, a nan ne kuma kishiyoyi suke fitar da abin da yake cikinsu ta hanyar habaici a waƙa. Injin niƙa ya rage wa mata wahala ƙwarai, ya ba su lokacin sana'a. Sai dai waƙoƙin daka da na niƙa sun ja baya, tun da aikin da yake ɗauke da su ya ragu.

3.4.3 Hira Da Sadarwa

Hirar dare a da ta kaka ce da jikokinta, wato tatsuniya da kacici-kacici, 'yanmata kuma su fita dandali. Rediyo ne ya fara shiga wannan fage. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Duk da haka rediyo bai raba iyali ba, domin akwati ɗaya ne a hannun maigida, kowa ya ji abin da ya ji. Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, su ma a taru ake kallonsu.

Wayar salula, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ita ta bambanta da sauran, domin ta mutum ɗaya ce. A da ɗan ci-rani sai ya rubuto wasiƙa, a nemi mai karantawa, maigida ya fara jin saƙon. A yau yana kiran matarsa kai tsaye, ya turo mata kuɗi ta wurin mai POS, mahaifinsa bai sani ba. Matar kulle ma takan gaisa da iyayenta, ta yi ciniki, ba sai ta aiki yaro ba.

Idan aka lura, za a ga cewa ikon maigida a da ya dogara ne a kan rumbu da labari da kuɗi, waɗanda duk ta hannunsa suke bi. Na'urorin nan sun sauƙaƙa aiki, sun kuma kusanto da na nesa, amma sun rarraba wannan iko. Matsalar da ta biyo baya ita ce ta kula da tsofaffi. A gandu abincin tsoho haƙƙinsa ne daga rumbun gida, yanzu kuwa sau da yawa jiran aike yake yi daga ɗa.