Allurar mai ta kwanta: sata ce ko lalacewa?

A tashar Ɗan Gulbi, kamar sauran tashoshin ƙasar Dakoro, ba abin da ke saurin haɗa mai mota da direbansa rigima kamar allurar mai. An sha mai a Maradi, an iso gida allura ta kusa kwanciya, sai a ce direba ya zuƙe, ko yaron mota ya yi hannu. Zargi ne da ke raba mutum da abincinsa, alhali sau da yawa allurar ce ba ta faɗi gaskiya ba.

Allura ba ta ganin mai. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke iyo a kan man, kamar ƙwarya a kan ruwan randa. An ɗaure shi da siririn hannu na ƙarfe, ƙarshen hannun yana gogar wani ɗan faranti mai rage ko ƙara ƙarfin lantarki. Abin da farantin ya aika ta waya shi allura ke nunawa.

Ana cewa in allura ta daɗe a sama sannan ta zubo da sauri, to an taɓa man. Ba haka ba ne. Idan tanki ya cika, abin iyon yana makale da rufinsa, ba zai motsa ba sai an ƙona litoci. Kuma tanki ba faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa ba, balle wanda kututture ya loɓa. Ga rairayi: motar da ke nishi a giya ta ɗaya ko ta biyu da lodin gero tana shan mai fiye da wadda ke gudu a kwalta.

Ana kuma cewa man 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, ne ke kashe allura. Nan akwai ƙamshin gaskiya. Mai mai datti ko ruwa yana sa farantin ya yi tsatsa ko ya daskare. Ko a Amurka, a 2004, an sayar da mai mai yawan farar wuta a jihohin Florida da Louisiana, ya lalata na'urar auna mai a motoci da yawa. Amma motar da ba ta taɓa shan komai ba sai man matatar SORAZ ta Damagaram, ita ma farantinta zai cinye idan ta tsufa tana girgiza a hanya.

Maganar cewa sai an canza agogon gaban mota baki ɗaya, asarar kuɗi ce. Bakanike na gari yana farawa da fiyus, sannan ya duba wayar da ke kama jikin ƙarfen mota, don tsatsa a nan kaɗai na sa allura rawa. Daga nan ya zare fulogin kan tanki, ya murɗa makulli, ya kalli allura. A yawancin tsofaffin Toyota za ta faɗi ƙasa, a wasu motocin kuma ta haye sama. In ta amsa, laifin yana cikin tanki: ko abin iyon ya huje ya nutse, ko farantin ya cinye. Ina roƙon duk mai wannan aiki ya nisanta taba da wuta, ya cire kan batir kafin ya buɗe tanki, domin tururin mai ne ke kamawa.

Wanda ke zargin sata, ya cika tanki taf, ya rubuta kilomita, a yi tafiyar, a sake cikawa taf a ƙirga litocin da suka shiga. A maimaita a kan hanya ɗaya da lodi iri ɗaya. Kafin a gyara allurar kuma, kada a riƙa barin tanki yana ƙafewa, domin man ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa.