Mari Ba Magani Ba Ne

Har gobe a garuruwanmu, da zarar mutum ya samu taɓin hankali, abin da wasu dangi ke fara nema shi ne mari da ɗakin kullewa. Na gaji da jin ana cewa wai gata aka yi masa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu da sunan gyara.

Dokar da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita ta 1958 ce, gadon Turawan mulkin mallaka, wadda damuwarta tsare mara lafiya, ba warkar da shi ba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba ta hana kwantar da mutum asibiti ba da yardarsa ba idan ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, amma ta ɗaure abin da sharuɗɗa, ta kafa kwamitin da za a kai wa ƙorafi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zaton wanda hankalinsa ya gushe haƙƙinsa ma ya gushe. Wa ya ce? Yana jin yunwa, yana jin zafin bulala, yana jin kunya in an tsiraita shi. Da yawa suna samun sauƙi da magani, su koma kasuwa da ofis, kuma ba sa manta wanda ya ɗaure su. Sarƙa ba ta saukar da ciwo, sai dai ta bar gyambo a ƙafa.

In ɗan'uwanka ya rikice, kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, akwai a Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri. Tambayi likita dalilin kwantar da shi, da sunan maganin, da ranar da za a sake duba shi. Riƙa ziyara, ka duba jikinsa. Kada ka taɓa dukiyarsa. In ya fara dawowa hayyacinsa, a nemi ra'ayinsa kan maganinsa. Addu'a kuwa babu mai hana ku, ku haɗa da asibiti. Wanda kuma ya san gidan da ake ɗaure marasa lafiya, don Allah ya sanar da hukuma.